Minti 20 a Kan Jiragen Tama na Tsibirin Bell

A can ƙarshen gabashin Kanada, a lardin Newfoundland, tekun Atilantika ya kutsa cikin ƙasa ya yi wani babban lungu da ake kira Conception Bay. A tsakiyar lungun akwai tsibirin Bell, wanda tsawonsa bai wuce kilomita 10 ba. Jirgin fito daga Portugal Cove yana kai mutum can cikin kamar minti 20, kuma fasinjan da ya leƙa ƙasa ba abin da zai gani sai baƙin ruwa. Amma a kudancin tsibirin, daura da ƙauyen Lance Cove, jiragen dakon kaya huɗu ne zaune a ƙasan teku tun shekarar 1942, kowanne a miƙe bisa cikinsa, bai kife ba, bai kwanta a gefe ba.

Sunayensu Saganaga, Lord Strathcona, Rose Castle da PLM 27. Tsawon kowanne tsakanin mita 120 ne zuwa 140, kuma da tama a cikinsu suka nutse. Masu nutso da silindar iska a baya suna sa su cikin sahun gaba idan ana lissafin jiragen da suka nutse a ruwan sanyi. Mutum zai taso daga Turai ko Amurka, ya biya kuɗin jirgin sama, ya yi dakon kaya masu nauyin gaske, ya ɓata kusan sa'a guda yana shiri, duk don ya samu minti 20 ko 25 a kan jirgi ɗaya. Sanyi da zurfi ne suka yanka masa wannan lokaci, kuma ba a roƙonsu ƙari.

Jan dutsen da ya jawo yaƙi

Arzikin tsibirin Bell jan dutse ne. A 1895 aka fara haƙar tama a garin Wabana, da farko a fili, daga baya ramukan suka bi jijiyar tamar suka gangara ƙarƙashin teku tsawon kilomita da dama. Mahaƙan suna aiki, ruwan Conception Bay na bisa kawunansu. Kaso mai yawa na tamar ana kai shi masana'antar ƙarfe ta Sydney da ke Nova Scotia, sauran kuma a sayar a ƙetare. Cikin manyan masu saye har da Jamus, wadda jiragenta suka yi ta lodi a nan har zuwa 1939. Wato sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Jamusawa sun san hanyar, sun san inda jirage ke jefa anga su jira, sun kuma san abin da ake ƙerawa da wannan tama. A lokacin ma Newfoundland ba ta shiga Kanada ba, sai a 1949. Tana ƙarƙashin Birtaniya ne.

A daren 4 ga Satumba 1942, jirgin yaƙin Jamus mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, U-513, ƙarƙashin jagorancin Rolf Rüggeberg, ya sulale cikin lungun ya kwanta a ƙasa har gari ya waye. Topido biyun da ya fara harbawa, wato bama-baman nan masu tuƙa kansu a cikin ruwa, ba su yi komai ba. Na bayansu suka samu Saganaga, jirgin wani kamfanin Birtaniya, da rana tsaka. Jirgin da ya ɗauki tama ba ya daɗewa a sama idan cikinsa ya fashe, domin kayan nasa dutse ne. Cikin 'yan mintoci ya tafi ƙasa da mutum 29. Ma'aikatan Lord Strathcona, da suka ga abin da ya faru, suka sauke kwale-kwalensu suka tafi ceto, kuma wannan ne ya tsirar da su, don jim kaɗan aka harbi nasu jirgin, ba kowa a ciki. A cikin wannan ruɗani U-513 ya yi karo da bayan Lord Strathcona har ya lalata hasumiyarsa, amma ya samu ya fice. Igwa biyun da aka girke a kan tsibirin sun yi ta harbi. Mutanen wurin suna ba da labari, cikin raha, cewa saniya ɗaya kawai harbin ya kashe a tsallaken ruwa.

Bayan wata biyu aka maimaita. Wajen ƙarfe 3:30 na daren 2 ga Nuwamba, U-518 na Friedrich-Wilhelm Wissmann ya shigo. Topidonsa na farko ya kuskure jirgin da ya auna, ya je ya daki matsayar lodi ta Scotia, ƙarar ta farfasa tagogi ta tashi tsibirin daga barci. Wannan ya sa tsibirin Bell ya shiga cikin wurare ƙalilan a Amurka ta Arewa da makamin Jamus ya taɓa ƙasarsu kai tsaye. Sai ya juya kan Rose Castle, jirgin da makonni biyu kafin nan wani topido ya same shi bai fashe ba. Wannan karon ya fashe. Mutum 28 suka mutu. PLM 27, jirgin Faransa wanda asalinsa na wani kamfanin jirgin ƙasa ne, ya bi shi da mutum 12. Alƙaluman da aka fi ambato sun ce mutum 69 ne suka halaka a hare-haren biyu. Mutanen Lance Cove suka fito cikin duhu suna tsamo waɗanda suka iso gaɓa, suna kai su gidajensu su ɗumama su. Sai bayan wannan ne hukuma ta shimfiɗa ragar ƙarfe mai tare topido a bakin matsayun, an yi shuka bayan damina.

Abin lura shi ne, a lokacin da jiragen nan suka nutse, irin na'urar da masu nutso ke zuwa musu da ita yau ba ta fito ba tukuna. Sai a 1943 Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka haɗa regiletar da ke ba mai nutso iska daidai buƙatar numfashinsa, wadda daga gare ta nutson zamani ya samo asali.

Shiri kafin a taɓa ruwa

Ruwan da ke wanke gaɓar Newfoundland daga arewa yake gangarowa, ta igiyar ruwan Labrador, wadda a farkon bazararsu take tafe da manyan duwatsun ƙanƙara. A ƙarshen lokacin zafi saman ruwan kan ɗan yi dama-dama, amma inda jiragen suke da wuya ya ɗara digiri 3 ko 4 a ma'aunin Salshiyos, wani lokaci ma ya sauka ƙasa da sifiri. Ruwan gishiri ba ya daskarewa sai ya kusa digiri 2 ƙasa da sifiri, saboda haka mutum na iya iyo a ruwan da sanyinsa ya isa ya daskarar da ruwan sha, kuma yana nan ruwansa. Ruwa kuwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau 20 da wani abu. Wanda ya faɗa ciki da kayan gida, numfashi ne zai fara ƙwace masa nan take, cikin 'yan mintoci yatsunsa su daina jin magana.

Shi ya sa rigar robar da ake sawa a Bahar Maliya ba ta da aiki a nan. Ana sa busasshiyar riga ce, wadda take rufe mutum daga wuya har tafin ƙafa, da zif da ruwa ba ya ratsawa, da roba mai kama wuya da wuyan hannu. Ita kanta rigar ba ta ɗumama kowa. Kayan sanyin da ke ƙarƙashinta, da iskar da suka riƙe, su ne ke aikin. Iskar nan kuma tana ɗaga mutum sama, don haka dole ya ɗaura dalma, sau da yawa fiye da kilo 10, kafin ya iya nutsewa. Ga hular roba mai kauri, ga safar hannu, ga silinda ɗaya ko biyu, ga fitila, ga wuƙa, ga kwamfutar hannu mai lissafa zurfi da lokaci. Idan ya gama shiri a kan kwale-kwale, gumi yake yi, kuma gumin nan abokin gaba ne, domin jiƙaƙƙen kaya a ƙasa sanyi zai zama.

Tuƙa rigar ma sai an koya. Yayin da ake sauka, nauyin ruwa yana matse iskar cikinta har ta fara tsunkulin fata, sai a danna maɓallin ƙirji a ƙara iska kaɗan. Yayin hawa kuma iskar na kumbura, sai a sake ta ta bawul ɗin kafaɗa. Sabon shiga da ya bari ƙafafunsa suka fi kansa tudu, iskar duk za ta gudu can, ya tsinci kansa a juye yana tafiya sama ba shiri. Akwai kuma wata matsalar da ba a cika faɗa wa baƙi ba: sanyi da matsin ruwa suna tura jini zuwa tsakiyar jiki, ƙoda ta ɗauka ruwa ya yi yawa, fitsari ya matsa. A busasshiyar riga kuwa ba mafita, sai wanda ya sa mata bututu na musamman ko ya yarda ya ɗaura ƙunzugu da girmansa.

Abin da ya fi ba masu nutson ruwan sanyi tsoro shi ne daskarewar regileta. Iskar silinda a matse take, wajen ninki 200 na iskar da muke shaƙa a waje, kuma duk iskar da ta fito daga matsi ta saki jiki, sanyi take yi. Duk wanda ya lura da yadda tukunyar gas ɗin girki ke yin raɓa idan an daɗe ana amfani da ita ya ga makamancin wannan. A ruwan ɗumi, ruwan da ke kewaye yana mayar wa ƙarfen ɗuminsa. A ruwan da ke dab da daskarewa ba ɗumin da zai bayar, sai ƙanƙara ta taru a cikin na'urar ta danne bawul a buɗe. Iska ta riƙa ɓulɓulowa ba tsayawa, silinda ta ƙare cikin 'yan mintoci. Saboda haka ake amfani da regiletar da aka ƙera don sanyi, a ɗauki biyu masu zaman kansu, a guji shaƙarta a sama cikin iska mai sanyi kafin a shiga, kuma kada a haɗa dogon numfashi da hura riga a lokaci guda.

Bin igiya zuwa ƙasa

Kowane jirgi akwai igiya ɗaure da shi wadda ta hau har sama, kuma ita ake bi. Daƙiƙun farko su ne mafi zafi, in ana iya kiran sanyi zafi: ɗan abin da ya rage a buɗe na fuska, wato leɓe da kumatu, sai ya yi ta raɗaɗi, goshi ya sara, can kuma ya mutu mutum ya daina ji. Ana sauka ana toshe hanci ana hura kunne. Ruwan kore ne a sama, yana ƙara duhu ana tafiya. A wani mataki za a ratsa iyakar da ke tsakanin ruwan sama mai ɗan ɗumi da na ƙasa, kuma jiki ne ke fara sanarwa kafin kwamfuta. Ladan shi ne ruwan ƙasa ya fi zama garau. Sau da yawa ana hango abu daga nisan mita 20 ko fiye, sai kawai jirgi ya bayyana a ƙarƙashin mutum gaba ɗayansa, da sandunan lodinsa da bakunan rumbunansa.

PLM 27 shi ne mafi kusa da sama, kuma da shi ake fara gwada baƙo. Farfelarsa tana nan a jikinsa, ta fi mutum tsawo. A kan Saganaga akwai wata ƙatuwar anga kwance a bisa bene, inda ba wurinta ba. A bayan Lord Strathcona igwar da aka ɗora masa don kare kai tana nan tana kallon ruwa. Rose Castle ya fi su zurfi, ƙasansa ya wuce mita 45, kuma shi ne ya fi cika ido, don ƙarancin masu iya kai masa ziyara ya sa abubuwansa sun fi zama yadda suke. Ɗakin rediyonsa ma har yanzu ana gane na'urorin ciki. A gefen kowanne akwai ramin da topido ya huda, ƙarfe mai kauri a lanƙwashe ciki.

Wanda ya zaci zai ga tsatsa kawai zai sha mamaki. Halittun teku masu kama da furanni, farare da ruwan lemo da ja, sun lulluɓe ƙarfen ko'ina, kifaye na fakewa a bututu da ƙarƙashin matakala. Sai dai launin ba ya fitowa sai an haska fitila, domin ruwa yana haɗiye jan haske tun a mitocin farko, a ƙasa komai toka-toka ne da kore.

Duk wannan kallo, ido ɗaya na kan agogo. Kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara wa jiki nauyin da ya kai na dukan iskar sararin sama. A mita 30 matsin ya ninka huɗu, ma'ana kowane numfashi yana cin iska ninki huɗu, silindar da za ta yi sa'a a sama ba za ta yi rabin haka ba. Jiki kuma yana shan naitirojin da ke cikin iskar. Da iska zalla, a wannan zurfi, kusan minti 20 ne iyakar abin da mutum zai yi ya hau ba tare da dogon zango ba. In ya hau da gaggawa, naitirojin ɗin zai zama kumfa a jini da gaɓoɓi, abin da kan jawo ciwon gaɓɓai, shanyewar jiki, har mutuwa. Sanyi yana ƙara dagula lissafin. Mutum ya shiga da ɗuminsa, jini na gudu, ya sha naitirojin da yawa; lokacin fita kuwa jijiyoyin fata sun tsuke, fitar da shi ya yi nawa. Saboda haka tsayuwar minti 3 da ake yi a mita 5 kafin a fito, a nan ba a wasa da ita, ko da haƙora na kaɗawa. Wasu na shaƙar iskar da aka ƙara wa oksijin don su tsawaita lokaci a jiragen da ba su da zurfi sosai, masu zuwa ƙasan Rose Castle kuma su gauraya da hiliyam.

Dalilin hiliyam ɗin shi ne maye. Daga wajen mita 30, naitirojin na taɓa ƙwaƙwalwa: tunani ya yi nauyi, mutum ya kalli ma'aunin iskarsa ya kau da kai bai riƙe lambar ba, wani kuma ya ji ƙarfin hali ya zo masa ba dalili. Sanyi da duhu suna ƙara masa ƙarfi. Ga yatsu sun yi sanyi a cikin safa mai kauri, ƙugiyar da ake buɗewa da ido rufe a sama ta zama aiki. Shi ya sa masu hankali ba sa jira sai iska ta yi ƙasa. Da zarar hannu ya fara ƙin aiki, sai a ɗaga babban yatsa, alamar a hau, kuma ƙa'idar ita ce ba a tambayar wanda ya ɗaga dalilinsa.

Shiga cikin jirgin kuwa wani karatu ne daban. Ƙofa a buɗe tana kiran mutum, amma a ciki akwai laka mai laushi da ta shekara 80 tana kwanciya. Bugun ƙafa ɗaya na ganganci ya isa ya tashe ta, kumfar numfashi kuma ta kakkaɓo tsatsa daga rufi, fitila ta koma ba ta haska komai. Wanda bai ja zare daga bakin ƙofa ba, ba shi da hanyar sanin inda ya fito. Masu wannan horo suna raba iskarsu uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na abin da ba a fata.

Tsibirin ma yana da irin wannan a cikin cikinsa. Da aka rufe haƙar tama a 1966, ba don tamar ta ƙare ba sai don wasu wurare sun fi araha, aka kashe famfunan zuƙe ruwa, ramukan suka cika. Mutanen tsibirin, da suka haura 12,000 a lokacin ganiyar aiki, yau ba su kai 3,000 ba. Rami mai lamba 2 ya zama gidan tarihi, kuma daga inda ruwa ya tsaya a cikinsa masu takardar nutson kogo kan shiga su ga shebur da bututu da takalman da mahaƙa suka bari. A 2007 wani mai nutso ya rasa ransa a wani balaguron bincike a ramin, aka daɗe ba a koma ba.

Wurin kallo ne, kuma kabari

Da yawa daga cikin waɗanda suka mutu a 1942 ba a samu gawarsu ba. A Lance Cove akwai dutsen tunawa da su, yana fuskantar inda jiragen suke. Saboda haka mai nutson da ke ɗaukar hoto a bakin rumbun Saganaga a kan makwancin mutane yake, ko ya tuna ko bai tuna ba. A shekarun baya, kafin a waye, masu nutso sun kwance tagogin tagulla da wasu kayayyaki sun tafi da su, kamar yadda aka yi wa jirage da yawa a duniya. Yau dokar lardin kan kayan tarihi ta hana, masu kai baƙi su ma suna gargaɗi tun a kan kwale-kwale cewa kallo aka zo yi.

A ganina, ba doka ce ta fi tsare waɗannan jirage ba. Jirgin Thistlegorm, wanda jiragen saman Jamus suka nutsar a Bahar Maliya a 1941, ruwansa mai ɗumi ne, kowa na iya zuwa, kwale-kwale na ta ɗaure igiya a jikinsa, an kwashe abin da za a iya kwashewa daga motoci da baburan da ya ɗauko. Na tsibirin Bell kuwa sanyi ya yi musu katanga biyu. Ya rage saurin cin tsatsa, domin ƙarfe ya fi saurin lalacewa a ruwan ɗumi, kuma zurfinsu da fakewar lungun sun kare su daga dukan igiyar ruwa. Ya kuma tace masu zuwa: wanda ya sha wahalar koyon busasshiyar riga, ya kashe kuɗi a kan regiletar sanyi, ya san minti nawa gare shi, ba kasafai yake ɓata su wajen kwance ƙusa ba.

Amma jinkiri sanyi yake yi wa tsatsa, ba ya hana ta. Ƙarfen benaye na ƙara siranta, wasu sassa na rufta wa juna, kuma akwatunan da aka ajiye harsasan igwa a cikinsu sun fara buɗewa da kansu, har harsasan suka riƙa bayyana a inda hannun kowa zai kai. Wannan ya sa a 2019 masu nutso na rundunar sojan ruwan Kanada suka zo suka yi kwanaki suna tsamo su ɗaya bayan ɗaya daga wasu cikin jiragen. Aka fito da su gaɓa, aka kai su wani filin harbi na soja, aka fasa su a can.